Tambayi Makaniki: Taya Mai Kauri a Ƙarƙashin Birkin Keken Tsere

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa kusan duk na masu keken tsere ne, irin mai siririyar taya da birkin da ke kama gefen rim. Ƙarfen nan mai hannu biyu da ya lanƙwasa a saman taya, yana riƙe da robobin birki, shi muke kira kalifa a duk amsoshin da ke ƙasa.

Assalamu alaikum. Na sayi keken tsere na gwanjo, ya zo da taya mai lamba 700x23, wato mai faɗin milimita 23. Ramukan hanyarmu sun dame ni da faci, sai na sa mai gyara ya sa mini 700x28. Tayar ta shiga, tana juyawa ba ta taɓa komai, amma tsakaninta da kalifar gaba da ƙyar katin ATM yake shiga. Mai gyaran ya ce tunda ba ta goga ai babu matsala. Haka ne? Mai karatu daga Kano.

Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka hau keken nan a haka. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, ko milimita ɗaya bai cika ba. Ƙa'idar ISO 4210, wadda masana'antun kekuna suke bi wajen gwajin lafiyar keke, ta ce kada tazarar taya da duk wani sashe na firam ko fok (ƙarfen da ke riƙe wilin gaba) ta gaza milimita 4 a keken tsere, sauran kekuna kuma, na gari da na hawan dutse, milimita 6. Kai abin da kake da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin ba.

Mai gyaranka ya gwada keken ne a ɗage, tayar a wanke, babu kowa a kai. A kan hanya labari ya sha bamban. Taya tana ɗaukar tsakuwa, musamman idan kwalta ta yi laushi da rana ko an zuba sabon burji. Tsakuwar ta manne, ta zagayo sama, ta iso ƙarƙashin kalifa. In akwai fili sai ta wuce abinta. In babu, ko dai ta ƙarce taya da ƙarfen, ko ta maƙale ta tsayar da wili nan take. A wilin baya abin da sauƙi, keke zai ja ƙasa, ka dafa ƙafa. A wilin gaba kuwa, tsayawar wili farat ɗaya na nufin mahayi ya tashi ta saman kan keke ya sauka da fuska ko kafaɗa. Shi ya sa ba ma sassauci kan tazarar gaba.

Ba tsakuwa kaɗai ba. Wili yana ɗan lanƙwasa gefe idan ka miƙe tsaye kana taka feda da ƙarfi ko ka sha kwana. Sifok ɗaya, cikin wayoyin nan na wili, ya tsinke, wilin ya karkace da milimita da yawa, musamman wilin tsere mai sifok 20 ko 24. Da tazara mai kyau sai ka buɗe birki ka lallaɓa gida. Da tazarar kati ɗaya sai dai ka saɓa keke a kafaɗa.

Ga yadda za ka auna. Hura tayar zuwa iskar da kake hawa da ita, ka bar ta ta kwana, don sabuwar taya tana ƙara buɗewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Sai ka samo alanki mai lamba 3, 4 da 5. Lambar alanki ita ce kaurinsa a milimita daga fuska zuwa fuska, don haka ya ishe ka ma'auni. Zura mai lamba 4 a kwance tsakanin tsakiyar taya da cikin kalifa. Ya kamata ya wuce ba tare da ka danna taya ba. In babu alanki, haɗa kati biyar irin na ATM, sun ba ka milimita 3.8, kusan daidai.

Kada ka tsaya a saman taya. Wurin da ya fi matsewa a kalifa da yawa shi ne kafaɗa, wato inda hannayen kalifa suka fara gangarowa gefen taya, hagu da dama. Auna nan ma. Sannan, abin da mutane suka fi mantawa, ka matse hannun birki da ƙarfi ka sake aunawa. Hannayen kalifa suna juyawa ne a kan ƙusa, idan an ja birki siffar bakan tana canzawa, a wasu kalifofin tana ƙara matsowa kusa da taya. Akwai kekunan da tayarsu ba ta goga sai lokacin da aka ja birki, mai keken ya yi ta neman dalilin ƙarar bai gano ba.

Bayan haka juya wili a hankali zagaye guda, alanki yana wurin. Babu tayar da take da'ira cikakkiya, akwai inda ta fi tudu. A wannan tudun ake ɗaukar awo. Ka haska tocila a ƙarƙashin kan fok, don a kekuna da dama fok ɗin ne ya fi kalifa saukowa. A baya kuma akwai wurare uku ban da kalifa: ƙarfen da ya gitta wanda kalifar ke ɗaure a jikinsa, bayan bututun da ke ɗauke da sirdi, da tsakanin ƙafafu biyu na ƙasa kusa da inda feda ke juyawa. Duk wanda ya fi matsewa a cikinsu shi ne yake yanke hukunci.

A ganinmu, milimita 4 na kwalta mai tsabta ne. Wanda hanyarsa ta haɗa da burji ko yashi ya nemi 5 zuwa 6 a gaba. Milimita 3 muna iya haƙuri da shi a baya, a busasshiyar kwalta, idan wilin a miƙe yake. Kai dai ka koma 700x25. Ba ta yawan faci kamar 23, kuma bisa lissafi za ta maido maka da wajen milimita 3, ka ga ka kusa 4 ke nan. Ka auna kafin ka yarda. Tayar 28 ɗin kuma gwada ta a baya, wataƙila can ta samu wuri. Babu laifi keke ya ɗauki 25 a gaba, 28 a baya, dama baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma ita ce ta fi yin faci.

Na sayi taya an rubuta 25 a jikinta, da na sa ta na auna sai na ga ta kusa milimita 28. An sayar mini da jabu ne? Mai karatu daga Jos.

Ba lalle ba, ɗan'uwa. Lambar da ke jikin taya ƙiyasi ne a kan rim mai wani faɗi da kamfanin ya zaɓa. Faɗin taya na gaskiya yana bin faɗin cikin rim, wato tsakanin leɓɓa biyun da ke riƙe bakin taya. Tsofaffin rim na tsere cikinsu milimita 13 zuwa 15 ne. Na baya-bayan nan 17, 19, har 21. Duk milimita ɗaya da cikin rim ya ƙaru, taya tana ƙara faɗi da wajen milimita 0.4. Tayar da ta auna 25 a rim mai 15, idan ta hau mai 19 za ta kusa 27, ta ƙara ɗan buɗewa bayan ta kwana da iska, ga ka a bakin 28. Duba jikin rim ɗinka, sau da yawa akwai rubutu kamar 622x15 ko 622x19. Lamba ta biyu ita ce faɗin ciki. Kamfanoni ma sun bambanta, 25 ɗin wani ta fi 25 ɗin wani cika.

Iska tana da nata rabon, amma kaɗan. Tayar da ka hura 90 psi a gejin iska, wajen bar 6.2, da sanyin safiya a digiri 25, idan ta yi zafi zuwa digiri 45 a kan kwaltar watan Afrilu za ta kai kusan 97. Wannan ba zai ƙara mata milimita guda ba. Abin da ya fi ɓarna shi ne hurawa da injin mai faci ba geji, a yi ta zuba iska har sai taya ta yi tauri a yatsa. Iyakar iskar tana rubuce a gefen taya, kada a wuce ta, kuma mai matsakaicin nauyi ba ya buƙatar kusantarta. A taya 28, 70 zuwa 80 psi ya wadatar da yawancin mahaya.

Idan kana son sanin ko taya mafi kauri za ta shiga tun kafin ka kashe kuɗi, lissafin ba wuya. Tsayin taya yana ƙaruwa kusan daidai da faɗinta. Daga 23 zuwa 28 ƙarin milimita 5 ne, don haka samanta zai tashi da 5, wani lokaci har 6, kowane gefe kuma ya fito da 2.5. Ke nan kana buƙatar aƙalla milimita 9 a saman tayarka ta 23, da 6.5 a kowane gefe, kafin 28 ta zauna da ragowar 4. Yi lissafin da faɗin da ka auna, ba wanda aka rubuta ba.

Tunda maganar lamba ta taso, a kula a kasuwa. In ka ce a ba ka "taya 28" kawai, za a iya miƙo maka 28 x 1½ ta baƙin keke irin su Raleigh da Phoenix. Waccan 28 ɗin inci ce, kuma rim ɗinta milimita 635 ne, ba za ta zauna a naka ba. Nemi ƙaramar lamba mai layi a tsakiya: 28-622. Ta farko faɗi, ta biyu girman rim. Duk tayar da ba ta da 622 ba ta wilin 700C irin na keken tsere ba ce.

Malam makaniki, wani ya ba ni shawara in sayi kalifa mai dogayen hannaye, wai da ita zan sa taya 32 a kekena. Kafin in yi oda nake tambaya. Mai karatu daga Maraɗi.

Gara da ka tambaya, da ka yi asarar kuɗinka. Doguwar kalifa ba ta ƙara wa keke fili. Ana ɗaure kowace kalifa ne a rami ɗaya da ke kan fok ko a ƙarfen baya, kuma nisan ramin nan da rim, wanda ya ƙera firam ne ya yanke shi. Dogayen hannaye suna sauko da robar birki ƙasa ne kawai. Bakan kalifar yana nan kusa da ramin inda yake. In ka sa doguwa a firam ɗin da aka yi don gajeriya, robobin za su sauka ƙasa da gefen rim, su nufi sifok, ko ka tura su ƙarshen ramin sama.

Ana auna tsawon kalifa daga tsakiyar ƙusar da ta ɗaure ta zuwa tsakiyar robar birki. Gajeriya, wadda ke kan yawancin kekunan tsere, milimita 39 zuwa 49 ce. Matsakaiciya 47 zuwa 57, kamar Shimano R451. Doguwa 55 zuwa 73, kamar Tektro R559. Firam mai gajeriya yawanci iyakarsa taya 25 ko 28. Mai matsakaiciya yakan ɗauki 32. Mai doguwa ya wuce haka.

Akwai alamar da za ka duba yanzu ba tare da ma'auni ba. Kowane hannun kalifa yana da dogon rami inda notin robar birki yake hawa da sauka. Idan robobinka suna can ƙasan ramin, mai firam ya bar maka duk filin da irin wannan kalifa za ta iya bayarwa. Idan suna sama ko tsakiya, an matso da ramin ɗauri kusa da taya, kuma babu kalifar da za ta canza wannan. Kekunan tsere da yawa na shekarun 1990 da 2000 haka suke, an yi su ne lokacin da taya 23 ce ta kowa.

Inda sauya kalifa yake taimakawa shi ne idan ka auna ka ga fok yana da fili, kalifar ce ta sauko ƙasa da shi ko kafaɗunta suka matse. Siffar baka ta bambanta. Shimano sun rubuta cewa 105 R7000 da Ultegra R8000 suna ɗaukar taya har 28, alhali wasu tsofaffin kalifofi masu kauri a ciki suna fara damuwa tun daga 25 mai cika. Ribar da za ka samu milimita ɗaya ne ko biyu, ba biyar ba. Cire kalifar gaba ɗaya ka auna tsakanin taya da fok tsirara. Abin da ka gani nan shi ne iyakar abin da kowace kalifa za ta iya ba ka.

Mai tsohon keken ƙarfe da ya zo da wilin inci 27 shi ne yake da wata ƙofa. Rim ɗin 27 milimita 630 ne, na 700C kuma 622. Bambancin 8 ne a faɗi, 4 a kowane ɓangare. Idan ya koma 700C ya samu ƙarin milimita 4 a saman taya, amma dole robobin birki su sauka da milimita 4. In ramin kalifarsa bai da sauran wannan, a nan ne doguwar kalifa take da aiki.

Dabaru biyu muke roƙo a bari. Na farko, goge ƙarƙashin kan fok ko cikin kalifa da magagari. Kan fok shi ne yake ɗaukar duk ƙarfin birki da dukan rami, in na kabon ne ko alminiyum ba ya ba da sanarwa kafin ya karye. Na biyu, cusa guntun ƙarfe ko washa a cikin bakin fok don wili ya sauko ƙasa. Aksul, sandar tsakiyar wili, ya daina zama a mazauninsa ke nan, sai matsin maɗaurin wili kaɗai ke riƙe da shi. Kada a yi wannan a wilin gaba ko da na gwaji ne.

Tayata ta baya ta fashe daga gefe, kusa da rim, ba ƙusa ba ƙaya. Da na duba sai na ga wani layi ya zagaye gefen tayar duka, zare ya fito. Wata uku kacal da sa ta. Mai karatu daga Sakkwato.

Robar birkinka ce ta ci ta. Layi guda mai zagaye gefe ɗaya, dab da bakin rim, ba abin da ke yin sa sai roba da ta hau sama tana taɓa taya duk lokacin da ka ja birki. Gefen tayar tsere siriri ne ƙwarai, zare ne da ɗan shafen roba, ba ya jure guga. Da zaren ya tsinke sai tiyub ya leƙo ya fashe, kuma yakan faru ne daidai lokacin da kake birki a gangara. Wannan tayar ta gama aiki, faci ba ya gyara ta. Duba ta gaba ma yau ɗin nan.

Abin tambaya shi ne me ya kai robar sama, tunda wataƙila lokacin da aka ɗaura ta daidai take. Robar birki ba ta tafiya a miƙe zuwa rim, zagaye take bi. A kalifa mai ƙusa biyu irin wadda aka fi sani, hannu ɗaya yana juyawa a kan ƙusar tsakiya, ɗayan a kan ƙusar gefe. Robar hannun da ke kan ƙusar tsakiya tana gangarowa ƙasa yayin da take matsowa. Ta hannun da ke kan ƙusar gefe kuwa sama take haurawa. Kullum roba tana cinyewa, tafiyarta tana ƙara nisa, mai haurawa tana ƙara haurawa har ta kai taya. Shi ya sa layin yake fitowa a gefe ɗaya. A sababbin kalifofi masu ƙusa a kowane gefe, da waɗanda ake ɗaurewa kai tsaye da noti biyu a jikin fok, duka robobin ne suke haurawa.

Ga yadda ake saita ta. Sassauta notin robar da alanki, yawanci mai lamba 4 ne ko 5. Matse hannun birki a hankali har robar ta kwanta a rim, ka riƙe. Daidaita ta yadda samanta zai kasance aƙalla milimita 1 ƙasa da bakin rim, ƙasanta kuma bai zarce fuskar birki ba, tsawonta yana bin lanƙwasar rim, ba gaba sama baya ƙasa ba. Wadda ke haurawa ka ajiye ta ƙasa-ƙasa a fuskar birkin, mai gangarowa ka ɗan ɗaga ta. Kafin ka ɗaure, saka guntun kwali siriri, wajen rabin milimita, tsakanin rim da ƙarshen robar na baya, don gabanta ya riga taɓawa. Wannan yana kashe ƙarar birki. Sai ka ɗaure kana riƙe robar da yatsa, don tana son juyawa tare da noti. Mai ma'aunin ɗauri ya sa 5 zuwa 7 Nm a notin roba, 6 zuwa 8 a notin waya, 8 zuwa 10 a notin da ya ɗaure kalifa a firam.

Idan ka saki birki, kowace roba ta tsaya milimita 1.5 zuwa 2 daga rim. In ɗaya ta fi kusa, akwai ɗan ƙaramin sukuru a saman kalifa ko gefenta da ke daidaita tsakiya. Daga nan gwajin ƙarshe: matse birki iya ƙarfinka, ka duba da tocila ta gaba da ta baya ko wani lungu na robar ya taɓa taya. Ka saki, ka juya wili, ka sake matsewa a wurare huɗu ko biyar, don rim mai tudu yana iya kuɓuta a wuri ɗaya ya kamu a wani. Taya mai faɗi a kan siririn rim tana kumburo gefe sama da bakin rim, saboda haka mai irin wannan haɗin ya bar milimita 1.5 maimakon 1.

Robar da tsagoginta suka shafe a canza ta. Wadda ta yi leɓe a ƙasa ko sama alama ce ta daɗe tana cin gefen rim a karkace. A duk lokacin da ka ƙara jan waya saboda birki ya yi nisa, sake duba tsayin robobin, domin dalilin da ya sa birkin ya yi nisa shi ne dai yake tura robar sama.

Tun da na sa taya 28, wili ba ya fita tsakanin robobin birki sai na sace iska. Akwai gyara? 'Yar'uwarku daga Kaduna.

Akwai, Malama. A jikin kalifa, inda waya ta ɗaure, za ki ga ɗan ƙaramin hannu. Ɗaga shi sama, robobin za su buɗe da 'yan milimitoci. A birkin Campagnolo maɓallin yana jikin hannun birki ne a kan keke. In duk da haka tayar ba ta wuce ba, murɗa mazarin da wayar ta ratsa ta cikinsa a saman kalifa zuwa ciki, ya ƙara sakin waya, ki ƙirga zagaye nawa kika yi don ki maido shi daidai. Siririn rim da taya mai faɗi wani lokaci duk wannan ba ya isa, sai sace iska, kuma ba aibi ba ne. Bayan faci ki riƙa mayar da wili kafin ki hura. Abin da ba a so shi ne buga wili da ƙarfi ya ratsa, yana ture roba daga saitinta. Kuma ki tabbata kin mayar da ɗan hannun ƙasa kafin ki hau, ki ja birki sau biyu a tsaye. Idan an bar shi a buɗe, hannun birki yana iya kaiwa jikin kan keke bai kama ba.

Nawa keken a ɗage ba ya goga, amma idan na miƙe ina hawan tudu sai in ji "shap, shap" a baya. Da damina kuma taɓo yana cika ƙarƙashin birki har keke ya yi nauyi. Fentin cikin ƙafar firam ya fara gogewa. Mai karatu daga Zariya.

Gogewar fentin nan ita ce ta fi damun mu a wasiƙarka. Taya mai ɗauke da laka da yashi tana aiki a jikin firam kamar dutsen niƙa, a hankali amma ba fashi. A firam na ƙarfe, bayan fenti sai tsatsa. A alminiyum tana cin bangon bututu, wanda dama siriri ne. A kabon, in ka ga baƙin zare ya bayyana ko wurin ya yi kwari da za ka ji da farce, sauka daga keken sai wanda ya san aikin kabon ya duba.

Fara da sauraron ƙarar. In sau ɗaya take zuwa a kowane zagayen wili, ko wili ya karkace ko taya ba ta zauna daidai ba. Juya wili kana kallon tsakanin roba da rim. Kaɗawar da ta wuce milimita 1 tana buƙatar a ja sifok. In rim a miƙe yake amma taya tana rawa, duba siririn layin da aka zana a gefenta dab da rim, ya kamata ya fito daidai a duk zagayen. Inda ya nutse, sace iska, shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ka sake hurawa har ya fito.

In ƙarar tana bin takun feda ne, wili ne yake motsi gefe. Kama taya ka girgiza ta hagu da dama. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin hob, wato cibiyar wili, ya yi sako-sako, a ɗaure ko a canza. Idan babu, matsa sifok bibbiyu da hannu, masu laushi suna barin wili ya lanƙwasa ƙarƙashin nauyi. Sai maɗaurin wili: tsayar da keke a ƙasa, buɗe shi, danna sirdi don aksul ya shige mazauninsa sosai ta ɓangarorin biyu, sannan ka rufe. Ya kamata hannun maɗaurin ya fara tauri tun daga rabin hanya, ya bar shaida a tafin hannunka. Wilin da aka ɗaure keke yana kife ko a ɗage yakan zauna a karkace, kuma karkatar da ba ta kai a gani a aksul ba tana zama milimita biyu ko uku a bakin taya. Tsohon firam mai dogon bakin baya yana ba ka damar ja da wili baya kaɗan, inda ƙafafun suka fi buɗewa, sai dai duk lokacin da ka yi haka dole ka sake saita robobin birki.

Maganar taɓo kuwa, jar laka mai danƙo ba ta san milimita 4 ba, ko 6 tana cikawa. Kalifa ce wurin da ta fi taruwa, saboda nan ne ya fi ƙunci. Da damina sauka lamba ɗaya, in kana kan 28 koma 25, ka ajiye mai kaurin sai rani. Idan ka ratsa laka tsaya ka sakace ƙarƙashin kalifa da ɗan tsinke kafin ta bushe, ka wanke robobin da ruwa, ka ciro ƙwayoyin yashi da suka nutse a cikinsu da bakin allura, don su ne suke cin gefen rim. Murfin tare taɓo ma kada ka matsa sai ka sa shi ƙarƙashin gajeriyar kalifa. Yana son wajen milimita 10 tsakaninsa da taya, kuma ƙaramin fili a nan ya fi rashin murfin haɗari, domin tsinke ko tsakuwa na iya naɗe shi ya kulle wili. Akwai irin da ake ɗaurewa a ƙafafun firam da madaurin roba, wanda yake tsayawa kafin ya kai kalifa, shi ya dace da keken tsere.

Wurin da fenti ya goge, wanke shi, bar shi ya bushe, shafa fenti ko man farce, sannan ka manna tef mai kauri a kai. Tef ɗin ba magani ba ne, shaida ce. Duba shi bayan mako guda. In ya ƙarce, tayar ta fi ƙarfin firam ɗin, a rage ta.